Bin Sawun Maganin Ƙanjamau: Yadda Ake Gane Ko Magani Yana Aiki



Maganar da aka ɗora mini yau ta shafi cutar nan mai karya garkuwar jiki, wadda jama'a suka fi sani da sunan ƙanjamau. Ba zan tsaya a kan hanyoyin kamuwa da ita ba, domin an sha yi muku bayaninsu a rediyo da asibitoci. Abin da nake so mu duba shi ne abin da yake biyo baya, watau bayan an gwada mutum an same shi da ƙwayar cutar, an kuma ɗora shi a kan magani. Ta yaya likita zai san maganin yana aiki a jikinsa? Ta yaya kuma hukuma za ta san ɗimbin kuɗin da ake kashewa a kan wannan shiri yana ceton rayuka, musamman a ƙasa irin tamu, inda likitoci suka yi ƙaranci, na'urorin awo ba su wadata ba, asibiti kuma yana nesa da yawancin ƙauyuka?

Dukanmu mun san halin manomi. In an tambaye shi yadda damina ta yi, ba ya lissafa mudun irin da ya shuka, sai dai ya faɗi damin da ya kai rumbu. To, haka shirin ba da magani yake. Kwalaben da aka raba iri ne kawai aka zuba a ƙasa. Amfanin gonar shi ne yawan mutanen da suka ci gaba da shan maganin, suna raye, suna neman abincinsu, ƙwayar cutar kuma ta kwanta a jininsu. Sanin wannan adadi kuwa ba ya yiwuwa sai an bi sawun mutane ɗaya bayan ɗaya, tun daga ranar da suka fara.

Ƙwayar Cutar Da Maganinta

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fahimci abin da ake aunawa. A cikin jinin kowane ɗan Adam akwai waɗansu ƙwayoyi masu aikin tsaro, kamar dogarai a ƙofar fada. Likitoci suna kiran wani jinsi daga cikinsu CD4. Ƙwayar cutar da ake kira HIV takan shiga cikin waɗannan dogarai ta hayayyafa, ta kashe su sannu a hankali. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 da 1,500 a cikin ɗan mitsitsin ma'aunin jini da ake ƙidaya da shi. In suka ragu suka koma ƙasa da 200, sai gida ya zama ba mai tsaro, tarin fuka da gudawa da sauran cututtuka su shigo yadda suka ga dama. Wannan matsayi shi ne ainihin ƙanjamau.

Maganin da ake bayarwa ba ya fitar da ƙwayar cutar daga jiki. Aikinsa shi ne ya hana ta hayayyafa. Muddin yana cikin jini daidai gwargwado, ƙwayar za ta kwanta, dogaran su farfaɗo, mutum ya koma aikinsa. Amma in ana sha yau a bari gobe, ƙarfin maganin ya ragu a jini, sai ƙwayar ta farka ta hayayyafa, har ta haifi waɗanda suka saba da maganin, ba ya yi musu komai. Daga nan tilas a sauya wa mutum wani magani na mataki na biyu, wanda ya fi tsada, ya kuma fi wuyar samu. Saboda wannan dalili ne bin sawu ya zama wajibi a wannan cuta fiye da sauran cututtuka da yawa.

Yadda Magani Ya Iso Gare Mu

An fara ba da labarin wannan cuta a Amurka cikin 1981, aka gano ƙwayarta a Faransa cikin 1983, a Nijeriya kuwa an ba da rahoton ta cikin 1986. Sai a 1996 masana suka tabbatar cewa in aka haɗa magunguna uku wuri ɗaya ana iya danne ƙwayar. Amma kuɗin maganin mutum ɗaya a shekara ya kai dala 10,000 ko fiye, don haka talakan Afirka sai dai ya ji labari. Cikin 2001 wani kamfanin Indiya mai suna Cipla ya yi tayin sayar da haɗin a kan dala 350 a shekara, farashi ya fara faɗuwa. A watan Afrilu na wannan shekara shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu domin kiwon lafiya.

Gwamnatin Tarayya ta fara nata shiri cikin 2002 a cibiyoyi 25, da niyyar ɗaukar manya 10,000 da yara 5,000. A lokacin majiyyaci yana biyan Naira 1,000 kowane wata, kuma a shekarun farko an sami lokacin da maganin ya yanke, mutane suka shiga wahala. Daga 2006 aka mayar da shi kyauta. Taimako kuma ya zo daga Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa cikin 2002, da kuma shirin Shugaban Amurka da ake kira PEPFAR, wanda aka ba da sanarwarsa cikin 2003.

A wancan zamani akwai manyan mutane a ƙasashen Turawa da suka ce ba da irin wannan magani a Afirka ɓarnar kuɗi ce, wai mutanenmu ba su san agogo ba, ba za su iya shan magani a kan lokaci ba. Ƙidaya ce ta ƙaryata su. Cikin 2006 waɗansu masana suka tattara binciken da aka yi a wurare da yawa, suka ga cewa a Afirka kudu da Sahara kimanin kashi 77 cikin ɗari na majiyyata suna shan maganinsu yadda aka umurce su, alhali a Arewacin Amurka kashi 55 ne. Da ba a rubuta ba, da ba a ƙidaya ba, da har yanzu ana yi mana wannan ƙazafi.

Kati Da Rajista

Makami na farko a wannan aiki ba ya bukatar wutar lantarki. Kati ne da littafin rajista da alƙalami. Misalin da ake yawan bayarwa shi ne na ƙasar Malawi, wadda take cikin ƙasashe mafi talauci da ƙarancin likitoci a duniya. Sa'ad da ta fara shirinta na ƙasa baki ɗaya cikin 2004, sai ta ɗauko tsarin da ta daɗe tana amfani da shi wajen tarin fuka. Kowane majiyyaci yana da lamba da kati, kowace cibiya tana da rajista. Duk bayan wata uku jami'ai sukan zaga cibiyoyin su ƙidaya, su sa kowane mutum a ɗaya daga cikin gidaje biyar: yana raye yana shan magani, ko ya rasu, ko ya daina sha, ko ya koma wata cibiya, ko kuwa ya ɓace ba a san inda yake ba.

Hikimar wannan tsari ita ce ana bin mutane ƙungiya ƙungiya, kamar yadda malamin makaranta yake bin ajin da ya ɗauka. In mutum ɗari suka fara magani a watan Janairu, sai a dawo a duba nawa suka rage bayan wata shida, nawa bayan shekara, nawa bayan shekara biyu. Cibiyar da take riƙe da casa'in da wadda take riƙe da hamsin ba ɗaya suke ba, ko da kuwa maganin da aka kai musu daidai yake. Ta haka ne hukuma take gane inda ɗaki yake yoyo.

Da aka fara irin wannan ƙidaya sai aka ga abin tashin hankali. Wani nazari da aka buga cikin 2007, wanda ya tattara rahotannin shirye-shirye da yawa na Afirka kudu da Sahara, ya nuna cewa bayan shekara biyu kimanin mutum shida ne kawai cikin goma suke nan a kan magani. Mafi yawan waɗanda aka rasa suna cikin gida na biyar, watau ɓatattu. A arewacin Malawi aka tashi ma'aikata suka bi irin waɗannan mutane har gidajensu, sai aka tarar rabinsu sun riga sun rasu. Ashe kalmar nan "ya ɓace" tana ɓoye kaburbura da yawa. Waɗanda aka samu da rai kuma suka faɗi dalilansu, daga ciki har da tsadar kuɗin mota da nisan asibiti.

Daga wannan darasi ne aka gyara abubuwa da dama. A da sai mutum ya yi kimanin wata uku bai zo ba kafin a sa shi cikin ɓatattu. Daga baya shirye-shirye da yawa suka rage wa'adin zuwa kwana 28 bayan ranar da aka ba shi, kuma tun kafin wa'adin ya cika ake kiransa ta waya ko a aika wanda zai neme shi. Aka kuma kusanto da magani zuwa ƙananan asibitoci, aka ba ma'aikatan jinya izinin bayarwa, aka fara ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata uku ko shida a tafiya ɗaya. Wannan tsari na ƙarshe ya yi rana ƙwarai cikin 2020, lokacin da annobar korona ta hana zirga-zirga. A nan Nijeriya an haɗa bayanan cibiyoyi a wata ma'ajiya ta ƙasa a kwamfuta, ana kuma ɗaukar hoton yatsa, domin kada a ƙidaya mutum ɗaya sau biyu in ya yi rajista a wurare biyu.

Awo Iri Uku

Rajista tana nuna ko mutum yana zuwa. Ba ta nuna abin da yake faruwa a cikin jininsa. Domin sanin wannan akwai hanyoyi uku.

Ta farko ita ce duban ma'aikacin lafiya: ya auna nauyin mutum, ya duba bakinsa da fatarsa, ya tambaye shi tari ko zazzaɓi ko gumin dare, ya ƙidaya ƙwayoyin da suka rage a kwalba. Ta biyu ita ce ƙidayar CD4. Ta uku ita ce awon yawan ƙwayar cutar kanta a cikin jini.

A farkon al'amari an yi gardama ko ya halatta a fara ba da magani a inda babu ɗakin awon jini. Aka yi wani babban gwaji a Uganda da Zimbabuwe da mutum fiye da 3,300, aka fitar da sakamakonsa cikin 2009. An raba su kashi biyu: waɗansu ana yi musu awon jini a kai a kai, waɗansu kuwa duban ma'aikaci kawai ake bi. Bayan shekara biyar, kashi 90 cikin ɗari na ƙungiyar farko suna raye, na ta biyu kuwa kashi 87. Wannan ya koya mana abu biyu. Rashin na'ura ba hujja ba ce ta hana mutum magani, domin maganin shi ne mai ceton rai. Amma kuma awon yana da nasa amfani, tun da yana nuna lokacin da ya kamata a sauya magani.

Aibin hanyoyi biyu na farko shi ne suna kawo labari a makare. Kafin mutum ya rame, ko CD4 ta faɗi, mai yiwuwa ƙwayar ta yi watanni tana hayayyafa tana sabawa da magani. Awon ƙwayar cutar kuwa yana ganin wutar tun tana hayaƙi. Saboda haka cikin 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne awon da ya fi dacewa a bi. Ƙa'idar ita ce a yi shi bayan wata shida da fara magani, a sake a wata na goma sha biyu, daga nan sau ɗaya kowace shekara.

Ga yadda ake karanta sakamakon. In ƙwayar ba ta wuce 1,000 a cikin mililita ɗaya na jini ba, an ce an danne ta. In ta yi ƙasa ƙwarai har na'ura ba ta ganinta, to madalla, an kai inda ake so. In kuwa ta haura 1,000, ba a gaggawar sauya magani. Sai a zaunar da mutum a bincika tare da shi abin da yake hana shi sha a kan lokaci, a taimake shi, bayan kimanin wata uku a sake awo. In har yanzu tana sama, sa'an nan a tabbata maganin ya gaza, a koma mataki na biyu. Ƙidayar CD4 ba a yar da ita ba: ana amfani da ita ranar da mutum ya fara zuwa, ko ya dawo bayan ya daɗe da bari, domin a gane ko cutar ta riga ta yi nisa.

Na'urorin wannan awo suna da tsada, a manyan ɗakunan gwaji kaɗan suke. Don haka jinin ne yake tafiya maimakon majiyyaci: a ɗiba a ƙaramin asibiti, 'yan babur su kai babban ɗakin gwaji, sakamako ya dawo. Inda babu firiji kuwa akan ɗiga jinin a kan wata takarda ta musamman, ya bushe, a sa a ambulan. Amma ku lura, sakamakon da ya dawo aka jefa cikin fayil, ba a gaya wa mai shi ba, ba a kuma yi aiki da shi ba, daidai yake da wanda ba a yi ba.

Akwai kuma wani albishir a cikin wannan awo. Wani gwaji da aka yi da ma'aurata a ƙasashe da yawa ya nuna cikin 2011 cewa fara magani da wuri yana rage yaɗa ƙwayar ga abokin zama da kashi 96 cikin ɗari. Cikin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa wanda yake shan maganinsa har ƙwayar ta daina ganuwa a awo ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Ashe mai riƙon magani da kyau yana tsare kansa, yana kuma tsare iyalinsa.

Abin Da Ƙidaya Ta Nuna A Nijeriya

Shekaru da yawa hukuma tana ƙiyasta yawan masu cutar ta hanyar gwada mata masu ciki a waɗansu zaɓaɓɓun asibitoci. Wannan hanya ta ba da kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ta haura zuwa 5.8 a 2001, daga nan ta riƙa sauka. Amma matan da suke zuwa awon ciki ba su ne dukan jama'a ba. Don haka cikin 2018 aka yi babban bincike gida gida a duk jihohin ƙasar nan, aka gwada jinin mutane masu ɗimbin yawa, aka bayyana sakamakon a watan Maris na 2019.

Binciken ya nuna cewa cikin masu shekara 15 zuwa 49, kashi 1.4 cikin ɗari ne suke ɗauke da ƙwayar, watau mutum 14 cikin dubu, rabin abin da ake zato a da. Aka ƙiyasta jimlarsu a kan miliyan 1.9. Mata sun ninka maza: kashi 1.9 ga mata, 0.9 ga maza. Shiyyar Kudu maso Kudu ce a gaba da kashi 3.1, Arewa ta Tsakiya tana da 2.0, Arewa maso Yamma kuwa 0.6. Jihohin Akwa Ibom da Binuwai da Ribas su ne cutar ta fi yawa a cikinsu. Kada mutanen shiyyar da adadinta ya yi ƙasa su saki jiki, domin kashi kaɗan na jama'a mai yawa mutane ne masu yawa.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wannan: a cikin waɗanda aka samu da ƙwayar, kimanin kashi 42 cikin ɗari ne kawai aka tarar ta kwanta a jininsu, kuma maza sun fi mata zama a baya. Watau a lokacin fiye da rabi ko dai ba su san suna da ita ba, ko ba su fara magani ba, ko sun fara amma bai yi aiki ba. Da wannan sani aka karkata ma'aikata da kayan aiki zuwa jihohin da suka fi bukata tun daga 2019, har ya zama a 2023 masu shan magani a ƙasar nan sun wuce miliyan 1.5.

Waɗansu sauye-sauye biyu sun taimaka. Tun 2016 Nijeriya ta karɓi shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar cikin 2015, cewa duk wanda aka samu da ƙwayar a fara ba shi magani ba tare da jiran CD4 ta faɗi ba. Sa'an nan aka koma ga wani sabon haɗi mai ɗauke da maganin dolutegravir, ƙwaya ɗaya tak a rana, wanda yake danne cutar da sauri, kuma da wuya ta saba da shi.

Ma'aunin da duniya ta amince da shi cikin 2021 shi ne 95 sau uku: kashi 95 cikin ɗari na masu cutar su san matsayinsu, kashi 95 na waɗanda suka sani su hau magani, kashi 95 na masu shan magani ƙwayar ta kwanta. In an haɗa lissafin, mutum 86 ke nan cikin ɗari. A duniya baki ɗaya, cikin 2024 mutum miliyan 31.6 ne suke shan magani daga cikin miliyan 40.8, mace-mace kuma sun ragu daga kimanin miliyan 2 a 2004 zuwa kimanin 630,000.

Inda Aka Rage

Sai dai ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ƙidayar da ta nuna mana nasara ita ce kuma take nuna mana giɓi. Na farko shi ne yara. In uwa mai ɗauke da ƙwayar ba ta sami magani ba, tsakanin 15 da 45 cikin jarirai ɗari sukan kamu, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. In ta samu, adadin yakan faɗo ƙasa da 5. Duk da haka, har zuwa 2023 matan da suke samun wannan kariya a ƙasar nan ba su kai rabin masu bukata ba, domin da yawa ba sa zuwa awon ciki, a gida kuma suke haihuwa. Jaririn irin wannan uwa ana so a ɗiga jininsa a takarda a gwada tun yana da mako shida.

Na biyu shi ne masu zuwa a makare, galibi maza, waɗanda ba sa neman asibiti sai ciwo ya kwantar da su. Watannin farko na magani su ne mafi haɗari ga irin waɗannan, tarin fuka kuma shi ne ya fi kashe su.

Na uku shi ne kuɗi. Mafi yawan abin da aka kashe a wannan shiri daga waje ya zo. A watan Janairu na 2025 Gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakon da take bai wa ƙasashen waje, ayyuka da dama suka tsaya a ƙasashen Afirka. A watan Fabrairu na shekarar Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Naira biliyan 4.8 domin sayen magani. Wannan ya tuna mana cewa kwanon aro ba ya kwana a gida, kuma ƙasar da za ta ɗauki nauyin kanta tilas ta san adadin majiyyatanta daidai, domin ba a yin kasafi da zato.

Abin Da Ake Bukata Daga Gare Ku

'Yan'uwa, duk wannan lissafi daga mutum ɗaya yake farawa. Saboda haka ga roƙon da nake yi.

Ga mai shan magani: ka riƙe katinka, ka kiyaye ranar da aka ba ka. Ka ba da sunanka na gaskiya da lambar waya mai aiki, domin in ka ɓoye su ka rufe hanyar da za a neme ka ranar da kake bukata. In za ka yi tafiya, ko cin rani ko fatauci, ka faɗa tukuna a ba ka guzurin magani. In ƙaura za ka yi, ka karɓi takardar sauyin cibiya, kada ka je ka yi sabuwar rajista kamar baƙo. In azumi ya zo, ka tambayi ma'aikacin lafiya yadda za a daidaita maka lokacin sha. Ka tambayi ranar awon jininka, in an yi kuma ka tambayi sakamakon da ma'anarsa, haƙƙinka ne. In ka ji sauƙi kada ka daina, domin sauƙin aikin maganin ne. In wani ya ce ya warkar da kai, ka zo a auna kafin ka ajiye kwalba. In kuwa ka riga ka daina, ka dawo, ƙofa a buɗe take.

Ga magidanta da iyaye mata: ku bar matanku da 'ya'yanku su je awon ciki, ku ma ku bi su a gwada ku. Mai shan magani a ɓoye saboda tsoron mutanen gidansa shi ne ya fi saurin tsallake rana.

Ga ma'aikatan lafiya: ku cika rajista da gaskiya. Wanda ya rasu a rubuta ya rasu, wanda ya ɓace a rubuta ya ɓace. Rahoton da aka ƙawata domin faranta wa na sama rai yana sa a kai magani inda ba a bukata, a hana inda ake bukata. Ku tsare sirrin majiyyaci, ku kuma karɓi wanda ya dawo da fuska a sake.

Ga iyayenmu sarakuna da shugabannin addini: ku tsawata wa masu tsangwama. Akwai dokar tarayya ta 2014 wadda ta haramta nuna bambanci ga masu ɗauke da wannan ƙwaya a wurin aiki da makaranta da asibiti. Amma maganarku a fada da wuraren ibada tana isa inda takardar doka ba ta kai ba.

Shugaban taro, jama'a, wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Ina roƙon duk wanda ya ji ya kai wa wanda bai zo ba, duk wanda kuma ya san wani da ya bar shan maganinsa ya lallashe shi ya koma asibiti cikin wannan mako.  Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.